Asalin Mutum Na Cikin Fayil, Fayil Kuwa Na Bakin Gara

A watan Janairu na shekarar 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman daga Maiduguri, suka kai shi bakin iyaka, suka tsallakar da shi ƙasar Cadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin nan kuwa ba ɓoyayye ba ne, shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno a wannan lokaci, jama'a ne suka zaɓe shi da ƙuri'unsu. Hujjar da aka kafa ita ce wai mahaifinsa daga can ya fito. Sai da aka shiga kotu, aka kawo shaidu, aka bi salsalar uwa da ta uba, kana Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar masa da matsayinsa na ɗan ƙasa, kotun gaba kuma ta ƙarfafa wannan hukunci. To, in har ana iya yi wa mai kujera a majalisa haka, ina ga mai sayar da goro a Agege, ko mahauci a Shagamu, ko mai gadi a Fatakwal, wanda in an ce ya kawo shaidar inda kakansa ya fito sai dai ya ce haka ya ji a bakin tsohuwa?

Maganar asali a ƙasar nan ba hirar dare ba ce kurum. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa a kan iyaye da kakanni, har ya ce wanda aka haifa kafin samun mulkin kai sai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya kasance daga wata al'umma ta asali a Nijeriya. Ban da wannan, ga takardar shaidar ƙaramar hukuma da ake tambaya wajen shiga jami'a, da wajen ɗaukar soja ko ɗan sanda, da wajen neman aikin Gwamnatin Tarayya. Mazauna Arewa ba su cika jin zafin abin ba, don mai unguwa ya san gidan kowa, dagaci kuma ya san gonar kowa. Wanda abin yake ci wa tuwo a ƙwarya shi ne ɗan Arewa da aka haifa a Kurmi. A garin da aka yanke masa cibiya a ce masa baƙo ne, in kuma ya nufi garin da ake cewa na kakansa ne a dube shi a ce ba a san shi ba.

Ba kuwa jiya aka fara wannan zama ba. Tun shekarar 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya mai da su 'yan sanda masu bindiga, daga wannan ƙungiya ce sojan ƙasar nan yake ƙirga mafarinsa. An kafa unguwar Sabo ta Badun a shekarar 1916. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fataken da a da suke kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sai da yawansu suka juyo da akalarsu zuwa ƙasar Yarbawa, shanu na gangarowa, goro na hawa. A cikin shekarun 1950 wani Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. Yau a unguwannin nan akwai yaran da su ne tsatso na huɗu ko na biyar. Tsofaffin da suka san sunan ƙauyen da aka baro, da sunan fatoman da ya sauki kaka, da dalilin tasowa, kullum ɗauke su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Maroƙan da suke jero sunayen kakanni a wurin biki sun ragu. Zanen fuska da a da yake gaya wa kowa ko mutum Bagobiri ne ko Bakabe, an daina yi. Abin da ya saura shi ne takarda, takardar kuwa ita ma tana cikin wani hali.

Kafin a faɗi halin, ya kamata mai karatu ya san irin dukiyar da ake magana a kai. Wani masanin tarihi, Dokta Kenneth Dike, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Badun, shi ne ya zaga ofisoshin Gwamnati a farkon shekarun 1950, ya ga yadda tsofaffin fayiloli suke zube, ya rubuta rahoto. Daga rahoton nan aka buɗe ofishin ajiye takardu a 1954, aka yi masa doka a 1957, aka kafa manyan gidaje uku, ɗaya a cikin Jami'ar Badun, ɗaya a Inugu, ɗaya a Kaduna. Yanzu hedkwatar wannan hukuma tana Abuja, a matsayin sashe na Ma'aikatar Watsa Labarai ta Tarayya.

A gidan Kaduna aka tara takardun Sakatariyar Lardunan Arewa da na kowane lardi, na Kano, na Katsina, na Sakkwato, na Zariya, na Neja da sauransu. A ciki akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta sa'ad da suke zagaya gundumomi don yanka haraji, inda za a ga sunan ƙauye, da sunan dagacinsa, da inda mutanen suka ce sun fito, da yawan masaƙa da marina da maƙera, har da yawan shanu saboda jangali. Akwai littattafan gundumomi masu ɗauke da jerin hakimai da danginsu. Akwai wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami. Turawan nan ba don ƙaunar tarihin kowa suka yi wannan rubutu ba, kuɗi suke nema, kuma sukan yi kuskure, sukan karɓi labarin mai sarauta su bar na talaka. Amma duk da haka, sau da yawa nan ne kaɗai sunan wani ƙaramin ƙauye ya taɓa hawa takarda kafin yunwa ko sauyin hanya ta watse shi.

Waɗanda suka fi waɗannan daraja ga mai neman dangi su ne littattafan alƙalai. Duk wanda ya san yadda ake rabon gado a Musulunci ya san cewa alƙali ba ya raba ko tsinke sai ya ƙididdige magada, ya rubuta matan mamaci, da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa in suna raye, da abin da ya bari, da bashin da ake binsa. Shafi guda na irin wannan littafi ya isa ya buɗe wa mutum gida sukutum. Haka nan ƙarar aure, da rikicin gona, da shaidar fansar bayi. Wani masani, Allan Christelow, ya fassara wasu shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na wajejen 1913, ya buga su a 1994, aka ga talakawa da sunayensu da ƙauyukansu suna magana a gaban Sarki kamar yau aka yi. Wannan kuwa ɗan gutsure ne daga masarauta guda.

Mazauna Kudu su lura da abu ɗaya: ba duka labarinsu ne yake Kaduna ba. Abin da ya shafi zamansu a Kurmi, kamar naɗin sarakunan Hausawa, da rabon filayen Sabo, da rigingimun kara da na 'yan goro, da koke-koken da kakanninsu suka aika wa Razdan, yana cikin fayilolin lardunan Yamma da na Ikko a gidan Badun, na Gabas kuma a Inugu. Wato mutumin Sabo yana kwana yana tashi kusa da takardun da suka shaida cewa gidansu ya fi shekara ɗari a garin, alhali bai taɓa leƙa wurin ba.

Abokin gaba na farko shi ne wanda ba ya surutu. Takarda ba ta son zafi, ba ta son laima, gara da kyankyaso kuwa ba su san Razdan ba balle Sarki. Masu bincike na gida da na waje sun sha kokawa a rubuce game da abin da suke tararwa a gidajen nan: fayil yana cikin littafin jerin sunaye amma an neme shi an rasa, wani a kawo shi shafukansa na karyewa kamar ƙanzo, ɗakin da ya kamata ya zauna da sanyi dare da rana babu wutar lantarki. Ba ma'aikatan wurin ne abin zargi ba, da yawansu da haƙuri da ƙarfin hali suke riƙe da aikin. Laifin yana inda ake raba kuɗi. Sashen da aka maƙala a gindin ma'aikatar da babban aikinta shi ne bayyana ayyukan Gwamnati mai ci, ba zai taɓa samun kaso na gari ba, domin tsohon fayil ba ya yabon kowa, ba a kuma yanka ƙyalle a kansa a kira 'yan jarida.

Ga kuma gobara, wadda ofisoshin ƙasar nan suka daɗe da sabawa da ita. Manya ba su manta da wutar da ta ci dogon benen sadarwa na Ikko a Janairun 1983 ba, a Abuja ma wuta ta kama ofishin Babban Akanta na Tarayya a Afrilun 2020. Kada a ce wannan halin baƙar fata ne. A shekarar 1922 gidan ajiye takardu na Dabilin ya ƙone a lokacin yaƙin basasar Ailan, takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 suka tafi, ban da ɗan abin da ba a rasa ba, har yau kuwa jikokin mutanen Ailan da suka watsu a duniya suna cin karo da wannan rami in suna neman kakanninsu. Amurka ma ta rasa mafi yawan takardun ƙidayarta ta 1890 sanadiyyar gobarar 1921. Bambancin shi ne su sun ɗauki darasi, sun gina ma'ajiyai, sun yi kwafi. A nan kuwa akasarin abin da ke Kaduna da Badun da Inugu kwafi ɗaya tak gare shi a duniya.

Sai dai abin da ya fi ban takaici ba abin da ke ruɓewa a ma'ajiya ba ne, abin da bai ma isa can ba ne. Mafi yawan abin da masu bincike suke samu a gidajen nan na zamanin Turawa ne. Daga samun mulkin kai zuwa yau sai abin ya yi ta sirancewa kamar kogi da rani. Dalili a fili yake. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi aka kuma ƙara jihohi, aka yi ta ƙari har suka kai 36 a 1996, ƙananan hukumomi kuwa 774. Kowane rabo sai an raba motoci da kujeru da ma'aikata da lissafi, amma fayiloli sai a zuba su a buhu a jefa a wani ɗaki. Littattafan haraji na En'e, waɗanda malaman haraji suke rubuta sunan kowane magidanci unguwa-unguwa, su ne mafi kusa da rajistar jama'a da Arewa ta taɓa samu a wancan zamani. Wanda yake ganin da wasa ake, ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya tambayi na shekarar 1955. Da Gwamnatin Tarayya ta kwashe daga Ikko zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, haka aka sake wata ƙaurar, ma'aikatu suka ɗauki abin da suke aiki da shi a ranar. Kowa kuwa ya san cewa in ana tashi daga gida, tsohon tarkace ne ake bari a baya.

Dokar da ake aiki da ita yanzu, wato Doka mai lamba 30 ta shekarar 1992, ba ta da laifi a rubuce. Ta ce takardun Gwamnati da suka kai shekara 25 a buɗe su ga jama'a, ta kuma sa wa waɗanda suka shafi sirrin mutum kariya. Bisa wannan lissafi duk wani fayil na zamanin soja ya isa buɗewa. Amma ba a buɗe abin da ba a kawo ba. Ma'aikacin da aka rantsar tun ranar da ya kama aiki a kan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, ya fi jin tsoron ya nuna takarda da ya bar ta ta ruɓe, don ba a taɓa korar kowa saboda gara ta ci fayil ba. A watan Mayu na 2011 aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Jihohi da dama suka ce ba ta shafe su ba, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma. Wannan hukunci yana da amfani ƙwarai ga mai neman asali, domin littattafan kotuna da na haraji da na filaye galibi a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke.

Yanzu kuma ga sabon makulli ya shigo. A watan Yuni na 2023 aka kafa Dokar Kare Bayanan Mutane, da hukumarta a Abuja. Doka ce mai kyau, ana kuwa bukatarta, ganin yadda 'yan damfara suke wasa da lambobin shaidar jama'a, da yadda masu ba da bashi ta waya suke tozarta mutane. Dokar da kanta ta ambaci ajiye takardu don amfanin jama'a da binciken tarihi a cikin abubuwan da aka yarda da su. Abin tsoro shi ne yadda za a fassara ta a bakin kanta. Akawun da ba ya son tashi daga kujera ya samu sabuwar amsa mai kama da ilimi, da an tambaye shi rajistar gadon 1948 sai ya ce bayanan mutane ne, doka ta hana. An ga irin wannan a wasu ƙasashe, inda aka yi ta ƙoƙarin tsawaita shekarun rufe takardun haihuwa da na mutuwa da sunan kare sirri, masu binciken dangi suka yi ta fama. Ya kamata tun yanzu Hukumar Kare Bayanai da Gidan Ajiye Takardu su zauna su fitar da ƙa'ida a rubuce, da Hausa da sauran harsuna, a manna a kowane ofis, wadda za ta raba tsakanin mai rai da wanda ya daɗe a kabari. Lambar shaidar mai rai amana ce. Sunan wanda ya biya haraji a Ɗanbatta shekara 80 da suka wuce kuwa gadon jikokinsa ne.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, tone-tone ba ya haifar da alheri. A cikin littattafan nan akwai wanda aka rubuta kakansa bawa ne ya fanshi kansa, akwai wanda aka ɗaure kakansa kan sata, akwai gidan sarautar da labarin da suke bayarwa ya saɓa da abin da Di'o ya rubuta. A al'ummar da har gobe ake binciken asali kafin a ba da aure, irin wannan takarda tana iya zama makami. Gaskiya ne. Amma a duba a gani, wa rufewar take karewa? Mai gori ba ya jiran fayil, da baki yake yi, kuma abin da ya ƙaga ya fi abin da ke rubuce muni. Wanda rufewa take cuta shi ne marayan da aka cinye gonar ubansa, da wanda aka ce masa baƙo a garin da kakansa ya sare dajinsa. Maganin da wasu ƙasashe suka samu shi ne a sa wa kowane irin takarda wa'adinta, na asibiti ya fi daɗewa a rufe, na haraji da na ƙidaya su biyo baya, a kuma ba magada hanyar ganin abin da ya shafi gidansu tun kafin wa'adi ya cika. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, gara ya faɗo a kan ƙa'ida.

Da an ta da wannan magana a Abuja, amsar da ake bayarwa ɗaya ce, za a zuba kome a kwamfuta. Madalla. Sai dai a tuna cewa Gwamnati ta nuna tana iyawa in ta ga dama, tun 2003 aka kafa ofishin da ya mai da fayilolin filayen Abuja cikin kwamfuta, don fili a Maitama kuɗi ne. A Nuwamban 2023 kuma aka ƙaddamar da rajistar haihuwa da mutuwa ta kwamfuta. Wannan zai amfani jikokin gobe, bai taɓa takardun jiya ba. Aikin ɗaukar hoton tsofaffin takardun Arewa da ya fito fili, har kowa yake iya dubawa a intanet kyauta, da kuɗin waje aka yi shi, ta hannun wani shiri na Babban Laburaren Ingila mai ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya ɗauki wani sashe na abin da ke Kaduna. Tsofaffin jaridu kuma wasu matasa ne a Ikko, masu shirin Archivi.ng, suka ɗora wa kansu ɗaukar hotonsu. A gode musu duka. Amma abin kunya ne a ce jikan Bakano sai ya bi ta Landan kafin ya karanta wasiƙar Sarkin Kano.

Dogaro da waje ma yana da nasa haɗari. Sai a shekarar 2011, da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka kai ƙara, Gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli da ta kwashe daga ƙasashe fiye da 30 da ta mallaka, har da Nijeriya, bayan waɗanda aka ƙone kafin a sauke tuta. Kwamfutar ma ba ta zama dalilin zubar da asali ba. A Disamban 2023 Ma'aikatar Shari'a ta Ingila ta kawo shawarar a ɗauki hoton takardun wasiyya da ake ajiyewa tun 1858, sa'an nan a lalata na ainihi bayan shekara 25, sai na shahararrun mutane kaɗai za a bari, wai don a rage kuɗin ajiya. Masana tarihi da masu binciken dangi suka yi ca, a Janairun 2025 Gwamnati ta janye. In ƙasar da wutarta ba ta ɗaukewa ta ji tsoron dogara da hoto kaɗai, to wadda take canza ɗan kwangilar kwamfuta duk sa'ad da aka canza minista fa? Sharaɗi biyu ya kamata Majalisar Tarayya ta rubuta cikin doka: kada a taɓa takardar asali don an ɗauki hotonta, kada kuma a miƙa hotunan ga wani kamfani ya riƙa sayar wa talaka sunan kakansa.

Abuja kanta ya kamata ta fi kowane gari jin wannan magana a jika, don ita ma sunan aro take amsawa. Abuja ta asali ita ce garin da Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya a zamanin jihadi. Da Janar Murtala Muhammad ya amince da rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a Fabrairun 1976, sabon birni ya ɗauki sunan, tsohon gari ya koma Suleja, da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen tsohuwar Abuja sun yi sa'a, malamansu biyu, Hassan da Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta tarihin masarautar da al'adunta, aka buga a 1952. Gwarawa da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da aka shata birnin a kan gonakinsu ba su sami wannan gata ba. An tashi mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan aka kai su Kubwa, inda kushewun kakanninsu suke yanzu kwalta ce da benaye. An yanko yankin daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, don haka labarinsu ma a warwatse yake cikin fayilolin larduna daban-daban. Takardun ƙidayar gidaje da na biyan diyya da aka yi lokacin tashinsu sun haura shekara 25 tuni, su ne kuwa shaida ta ƙarshe ta wanda ya zauna a ina.

A tsakiyar birnin, kusa da Masallacin Ƙasa, akwai ginin hedkwatar Laburaren Ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006 kan kuɗi sama da Naira biliyan 8, da nufin a gama cikin shekara biyu. Shekara 19 bayan haka, a Satumban 2025, sai da uwargidan Shugaban Ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 su zuba kuɗin a asusun ƙarasa ginin, aka tara sama da Naira biliyan 20. Niyyar ta yi kyau, amma ta nuna matsayin da takarda take da shi a idon masu kasafi. Laburaren nan ne doka ta ce a kai masa kwafin duk abin da aka buga a ƙasa, ciki har da jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta ɗauki sanarwar rasuwa da naɗin sarauta da wasiƙun masu karatu daga Ikko da Anaca da Kumasi, kowace da sunan marubucinta da unguwarsa. Cikakken jerin fitowarta taska ce ga duk Bahaushen da ke neman sawun wani nasa da ya tafi ci-rani bai komo ba.

'Yan majalisar da suke wakiltar Arewa a Abuja suna da aiki a gabansu, su nemi a fitar da Gidan Ajiye Takardu daga ƙarƙashin ma'aikata ya zama hukuma mai kasafin kanta, a tilasta wa ma'aikatu miƙa fayilolin da wa'adinsu ya cika, a kuma sa hukunci a kan wanda ya bari suka lalace. Gwamnoni su taimaki Gidan Arewa na Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato, su bi ƙananan hukumomi da tsofaffin kotuna su tattaro abin da ya tsira tun damina ba ta ƙarasa shi ba.

Amma mazauna Kurmi kada su zauna jiran Abuja. A fadar kowane Sarkin Hausawa akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da takardun naɗi, da rasit na fili, da wasiƙun da aka yi musaya da Gwamnati. A hannun limamai akwai littattafan ɗaurin aure, a hannun fatomai da dillalan kara akwai littattafan bashi masu sunayen fatake da garuruwansu, a bangon Alƙur'anin tsofaffi kuwa akwai ranakun haihuwa da na rasuwa da aka rubuta da ajami. Yaran da suke iya karanta ajamin nan suna raguwa, waɗanda suke riƙe da waya mai ɗaukar hoto kuwa sun cika gari. Ƙungiyoyin 'yan goro da na mahauta da na direbobi, waɗanda ba sa kasa tara kuɗin gina masallaci, ba za su kasa ɗaukar nauyin ɗalibai biyu ko uku ba, a tura su gidan Badun ko na Inugu da takardar gabatarwa daga Sarki, su zauna mako guda su nemi duk fayil da ya ambaci unguwarsu, su rubuto lambarsa da shekararsa, su biya a yi musu kwafi biyu, ɗaya a ajiye a fada, ɗaya a babban masallacin Juma'a.